Ɗingishin da ke yawo daga ƙafa zuwa ƙafa: amsa ga mai kare a Garwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kare namiji, berje alman, jinsin manyan karnukan nan na Jamus, ɗan wata 7, nauyinsa kilo 25, na saye shi ne don gadin gida. Kimanin mako shida ke nan ya fara ɗingisa ƙafar gaba ta dama, bai faɗi ba, ba a kuma buge shi ba. Bayan kwana goma ya warware, muka yi hamdala. Ashe ba a rabu da Bukar ba, an haifi Habu: ciwon ya koma ƙafar baya, yanzu kuma ga shi a ta gaba ta hagu, cin abincinsa ma ya ragu. Kuroket, wato busasshen abincin karnuka na buhu, nake ba shi da tsokar nama daga mahauta, sai ƙwayar kalsiyam biyu kullum, wadda mai sayar da shi ya ce za ta miƙar masa da kunnuwa ta ƙara masa ƙashi. Yarona ya ba shi ibuprofen kwana biyu. Maƙwabci ya ce a kira mai ɗori, wani ya ce lalas za a yi masa. Mene ne wannan ciwo, kuma yaya zan yi? Daga wani magidanci a unguwar Yelwa, Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, a ajiye ibuprofen ɗin nan tun yau, a ajiye kalsiyam ɗin ma, mai ɗori da mai lalas kuma a ba su haƙuri. Dalilai suna tafe.

Abin da ka zayyana ya yi kama ƙwarai da ciwon ƙashi na lokacin girma, wanda likitocin dabbobi ke kira panosteyitis. Manyan karnuka masu saurin girma yake kamawa, galibi tsakanin wata 5 da wata 18, maza sun fi mata samunsa nesa ba kusa ba, kuma a duk jinsunan karnuka berje alman ne kan gaba. Rotwaila da labrado da dobaman suna biye. Karen gida irin namu mai siririn jiki da wuya ka ga ya same shi. Ciwon ba a gaɓa yake ba, a cikin dogon ƙashi yake, inda ɓargo ke zaune. Kitsen ɓargon wani sashe yakan lalace, jiki ya cike gurbin da wani nama mai zare-zare, sabon ƙashi ya tsiro a ciki, daga baya jikin ya narkar da shi ɓargo ya dawo yadda yake. To ƙashi ba ya buɗewa. Abin da ya kumbura a cikinsa ba shi da wurin zuwa, kamar ƙafar da ta kumbura a cikin matsattsen takalmi, shi ya sa zafin ke da tsanani alhali daga waje ba ka ganin kumburi ko rauni. Ƙasusuwan ƙafar gaba ya fi kamawa, sai na cinya da na ƙwauri. Yakan yi kwanaki zuwa 'yan makonni a ƙafa ɗaya, ya lafa, ya ɓullo a wata. Ana ganin akwai gado a ciki, ana kuma zargin abinci mai yawan gina jiki da yawan kalsiyam. Labari mai daɗi shi ne yana tafiya da kansa idan ƙashi ya gama girma, yawanci kafin kare ya cika shekara 2, kuma ba ya barin nakasa.

Sai dai mu daga wasiƙa muke magana, ba mu taɓa karen ba. Akwai cututtuka da ke shigar burtu da irin wannan ɗingishi, wasunsu kuma ba sa jira. Don haka a duba shi a gida da kyau, sannan a kai shi wurin likitan dabbobi a cikin makon nan.

Dubawar mutum biyu take so, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Kare mai jin ciwo yana cizon ko ubangidansa, don haka a sa masa takunkumi: tsumma mai tsawon kamu uku, a zagaya shi a baki, a ƙulla a ƙarƙashin haɓa, a ja ragowar a ɗaure bayan kunnuwa. Kada ya wuce 'yan mintoci, domin da haki kare ke fitar da zafin jiki, kuma zafin Garwa ba a yi masa wasa. A kwantar da shi ta gefe, ƙafar da ke ciwo tana sama. Fara daga dagi. Buɗe tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya, ka nemi ƙarangiya, tsidau, ƙayar aduwa, gilashi, tsagaggen farce, ko kaska da ta maƙale a lungu. Da damina a duba ko akwai ƙurji mai ɗan rami a tsakiya, wannan tsutsar ƙuda ce da ke shiga fatar 'yan kwikwiyo daga yashi. Idan dagin lafiya lau, lanƙwasa kowace gaɓa ka miƙe ta a hankali, daga wuyan ƙafa zuwa gwiwa zuwa kafaɗa, kana kallon fuskarsa. Sai na ƙarshe: nemi tsakiyar dogon ƙashin, tsakanin gaɓa da gaɓa, ka ture tsokar gefe da yatsa don kada ita ka matsa, ka danna ƙashin kansa da babban yatsa da ɗan ƙarfi. Karen da ke da wannan ciwo ba ya damuwa da lanƙwasa gaɓa, amma da ka danna tsakiyar ƙashi zai yi ƙara ya fizge ƙafar. Gwada wuri ɗaya a ƙafar da ke lafiya don ka ga bambanci. Sau ɗaya ya isa. Kada abin ya zama duk wanda ya shigo gidan sai an nuna masa inda ke ciwo.

Daga nan a ɗaga leɓensa a duba dasashi. Na mai lafiya ja-ja ne mai haske, idan ka danna ya yi fari, kalar tana dawowa cikin daƙiƙa 2. A auna zafin jiki da ma'auni irin na farmasi: a shafa masa basilin, a sa shi a dubura kamar santimita 2 zuwa 3 har ya yi ƙara. Daga digiri 38 zuwa 39.2 lafiya ne ga kare. Ya haura 39.5 zazzaɓi ne. Ciwon girma kan zo da ɗan zazzaɓi da kasala, amma in ya kai 40 kada a kwana ba a ga likita ba.

A yankinmu abin da muka fi tsoron a rikita da shi shi ne cutar kaska. Jar kaskar nan da ke ɓuya a tsagar bango da ɗakin kare tana sa ƙwayoyin cuta a jini, karen ya yi zazzaɓi, gaɓoɓi su sage, ya riƙa tafiya kamar mai taka ƙaya. Alamarta dasashi ya yi fari, ko haɓo, ko ɗigon jini a fatar ciki, ko fitsari ya koma kalar shayi. Wannan gwajin jini take buƙata, kuma nau'in da ya fi yawa maganinsa doksisiklin ne har kwana 28, ba allura ɗaya a ce an gama ba. Akwai kuma wani ciwon ƙashin na ƙananan kwikwiyo, 'yan wata 2 zuwa 8, wanda ƙarshen ƙashi dab da wuyan ƙafa ke kumbura ya yi zafi rau, da zazzaɓi mai ƙarfi, karen ya ƙi tashi sam. Shi ya fi ciwon girma haɗari. Lalurar gwiwar gaba da ta kwatangwalo, waɗanda berje ke gadonsu sosai, su ba sa yawo: ƙafa ɗaya suke riƙewa, sun fi tsanani idan ya tashi daga kwanciya, mai ciwon kwatangwalo kuma yana haɗa ƙafafun baya biyu ya yi tsalle da su in zai gudu. Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce, duk ɗingishin da ya zauna a ƙafa ɗaya ya wuce mako 4 zuwa 5 bai sassauta ba, to ba ciwon girma ba ne kawai, a sake bincike.

Ba ka ambaci rigakafi ba, kuma wannan ba abin tsallakewa ba ne. Haukan kare yana nan a Kamaru da Cadi, kuma ba kullum yake zuwa da cizo da hargowa ba. Wani lokaci shanyewar ƙafafun baya ce farkonsa, sai murya ta canza, muƙamuƙi ya saki, yawu ya riƙa dalala. Karen da ba a yi wa allura ba in ya nuna haka, ba a taɓa bakinsa, a kulle shi a kira ma'aikatan dabbobi. Duk wanda karen ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti ko reshen cibiyar Pasteur da ke nan Garwa a ranar. In katin rigakafin karenka cike yake, to alhamdulillahi, ka tafi da shi wurin likita.

Hoton ƙashi shi ke tabbatar da ciwon girma, ana ganin wani fari-fari kamar hayaƙi a cikin ramin ɓargo. Ba kowane ofishin dabbobi ke da na'urar ba, kuma hoton kan makara: a kwana goman farko zuwa mako biyu yana iya fitowa fes alhali karen na ɗingishi. Saboda haka likitan da ya ƙware yakan yanke hukunci da shekarun karen, jinsinsa, yawon ciwon da kuma dannawar ƙashi. Ka taimake shi da bidiyon waya na tafiyar karen, daga gaba da ta gefe, domin da yawansu suna isa gaban baƙo sai su daina ɗingishin.

Yanzu maganar magani, inda aka fi yin ɓarna. Ciwon ba shi da maganin da ke kashe shi, zafin kawai ake ragewa har ya wuce. Ibuprofen da diklofenak da danginsu na mutane suna daɗewa a jikin kare, suna cinye bangon ciki su haifar da gyambo, suna kuma taɓa ƙoda. Tunda ya riga ya sha na kwana biyu, a sa ido kan kashinsa har mako guda. Baƙin kashi mai danƙo kamar kwalta, amai, musamman mai jini ko mai kama da garin kofi, ƙin abinci gaba ɗaya, yawan shan ruwa da fitsari fiye da ƙima, kowanne daga ciki na gaggawa ne. Kuma ka faɗa wa likita gaskiyar abin da aka ba shi, da ƙarfin ƙwayar da ranar ƙarshe, ka tafi da kwalin ma. Ba don a yi wa yaron faɗa ba ne. Likita na buƙatar barin tazarar kwana 5 zuwa 7 kafin ya fara wani maganin na wannan dangi, ya kare cikin da irin su omeprazol, ya kuma ba da wani abin rage zafi na daban a tsakani.

Waɗanda aka yi domin karnuka su ne meloksikam da karprofen. Muna kawo lissafin ne don ka gane abin da za a rubuta maka, ba don ka tsallake likita ba. Meloksikam miligiram 0.2 ne ga kowane kilo a ranar farko, sannan 0.1 sau ɗaya a rana. Ga kare mai kilo 25, miligiram 5 ke nan ranar farko, 2.5 a sauran kwanaki. Na ruwa irin Metacam na karnuka yana da miligiram 1.5 a kowace mililita, wato mililita 3.3 ranar farko, 1.7 bayan haka, da sirinjin da ke cikin kwalin. Ga inda mutane ke faɗawa rami: meloksikam na mutane da ke farmasi ƙwayar 7.5 ce ko 15. Ƙaramar ta ninka abin da karenka ke buƙata sau uku, babbar sau shida, kuma ƙwayar ƙanƙanuwa ce, ba ta rabuwa daidai da reza. Karprofen kuwa kimanin miligiram 4 ne ga kilo a rana, wato 100 ga naka. Ɗaya ake zaɓa, ba a haɗa biyun. A cikin abinci ake bayarwa, na kwanakin da likita ya ƙayyade, galibi 5 zuwa 7 sannan a sake dubawa. Ranar da ya ƙi ci, ko ya yi amai ko gudawa, ba a ba shi. Da bazara, lokacin da zafin Garwa da Marwa ke haura 40, karen da ruwan jikinsa ya yi ƙasa ƙodarsa ba ta jure wannan magani, don haka kwanon ruwa biyu a inuwa, a canza safe da yamma.

Abu ɗaya da za ka tsaya a kansa ko da wa: kada a haɗa waɗannan da magungunan rage kumburi irin su deksametazon ko prednizolon. Masu yawo da jakar allura suna son deksa saboda dabba na miƙewa nan take a ga aikinsu, amma haɗa ta da maganin zafi shi ne gajeriyar hanyar huda cikin kare. Tramol na bakin titi ma a bar shi inda yake. Parasetamol sai in likita ne ya auna, kuma in akwai kyanwa a gidan a sani ko guntunsa yana kashe ta. Ɗori kuwa ba abin da ya karye balle a ɗora, karan da ɗaurin kawai za su toshe jini su kumbura dagi. Lalas ƙuna ce za a ƙara masa a fata alhali ciwon na can cikin ɓargo, ga ƙudaje na jira.

Mu dawo kan abinci, domin nan ne hannunka ya fi tasiri. Wanda ya sayar maka da karen ya ba ka shawarar da ta yaɗu a wurin masu kiwon berje, kuma kuskure ce. Kunne guringuntsi ne, ba ƙashi ba, kalsiyam ba ya miƙar da shi. Yakan kwanta lokacin famfarar haƙora ya tashi da kansa. Babban kare yana iya tace abin da hanjinsa zai ɗauka na kalsiyam ya zubar da saura. Ɗan kwikwiyo, musamman kafin wata 6, bai iya wannan ba, duk abin da aka ɗura masa shiga yake yi. In ya yi yawa sai ya dagula yadda guringuntsi ke rikiɗa ya zama ƙashi da yadda tsohon ƙashi ke narkewa a sake gina shi. A jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan an gwada haka a shekarun 1980 kan 'yan kwikwiyon manyan karnuka, waɗanda aka ninka wa kalsiyam sau uku suka tashi da lalurorin ƙashi da gaɓa. Kuroket ɗin da aka yi domin 'yan kwikwiyon manyan karnuka ya riga ya ƙunshi abin da ake so, duba bayan buhun za ka ga kalsiyam tsakanin kashi 1 da 1.5 cikin ɗari. Ba a ƙara masa komai, ko ƙwaya, ko garin ƙashi, ko madarar gari.

Naman mahauta da kake ƙarawa shi kuma ta wani gefen yake ja. Tsoka zalla cike take da fosforas, kalsiyam ɗinta kaɗan ne ƙwarai, ga ƙarin kuzarin da ke hanzarta girma. In dai kuroket ne ginshiƙin abincinsa, duk wani ƙari kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da yake ci a rana. Ga masu karatu da ba sa sayen kuroket, tuwo ko shinkafa da tsoka da kayan ciki kawai suke ba kwikwiyo, ku lura naku akasin wannan ne: ƙarancin kalsiyam ke damun 'yan kwikwiyonku, ƙashi ya yi laushi, ƙafafu su gwame, ya karye daga ɗan tsalle. Su kam dole a ƙara musu, da ƙananan busasshen kifi irin na Lagdo ko Maga da aka daka har ƙayarsa, wanda ba a sa wa gishiri ba, ko ɓawon ƙwai da aka tafasa aka shanya aka niƙa ya yi laushi. Ɓawon ƙwai ɗaya yana ba da kusan giram 2 na kalsiyam. Adadin da za a sa a rana likita ne zai lissafa da nauyin karen da abin da ke cikin kwanon. Dafaffen ƙashi ba ya cikin lissafi, tsagewa yake ya soki hanji.

Yawan abincin ma a duba. Mai karen gadi yana son ya ga ƙato, amma girman da zai kai yana cikin jininsa, ɗura ba ta ƙara shi, sai dai ta kai shi can da gaggawa a kan ƙashin da bai nuna ba. Shafa tafin hannunka a gefensa: ya kamata ka ji haƙarƙari ba tare da ka danna ba, in ka tsaya a kansa ka ga ƙugu ya shiga. In sai ka lalubo su, rage kashi ɗaya cikin goma na abincin, ka sake dubawa bayan mako biyu. Auna abincin rana sau ɗaya a sikeli bisa jadawalin buhun, ka yi wa gwangwani alama, a raba shi biyu safe da yamma, abin da bai ci ba cikin minti 20 a ɗauke. In za a canza kuroket a yi shi a hankali cikin mako guda, ana haɗa sabo da tsoho, in ba haka ba gudawa za ta hana shi shan maganinsa. Buhun da aka buɗe a juye shi a bokiti mai murfi a ɗaki mai sanyi, zafi na sa mansa ya yi ɗoyi karen ya ƙi shi, a ɗauka ciwo ne.

Kwanakin da yake ɗingishi hutu yake so, amma ba ɗauri da sarƙa a gindin bishiya ba, fizgar sarƙa duk lokacin da aka buga ƙofa kan ƙafafun gaba take sauka. A ware masa wani lungu mai inuwa da iska, a shimfiɗa tsohuwar katifa ko buhunan da aka ninka. A fito da shi da igiya sau uku ko huɗu a rana, minti 5 zuwa 10, ya yi bahaya ya motsa jiki, bayan asuba da bayan magariba su ne suka fi. Ba tsalle, ba hawa bene, ba bin babur, yara kuma a hana su kokawa da shi. Tayil mai santsi yana sa shi baje ƙafa, a shimfiɗa tabarma inda yake bi. Ya warware da kwana uku zuwa huɗu, a fara ƙara tafiyar kaɗan-kaɗan. Horon gadi mai tsalle da cafkar hannu a ɗage shi sai ya gama girma. Maganin kaska kuma a ci gaba da shi kowane wata ko yadda kwalin ya ce, na karnuka, ba na feshin auduga ko na wankan shanu ba.

Ka sa a ranka zai iya dawowa sau biyu, sau uku, ko fiye, nan da ya cika shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Sami ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar da ya fara, wace ƙafa, zafin jikinsa, da ranar da ya saki. Duk dawowar da ya yi a sake duba dagi da dasashi da zafin jiki tun daga farko, domin karen da ke da ciwon girma ma yana taka ƙaya, kaska ma tana cizonsa. Kuma kafin a taɓa ragowar maganin da ke kwalba a sake auna shi: ka hau sikeli kai kaɗai, ka sake hawa riƙe da shi, ka cire na farko daga na biyu. Karen da ke kilo 25 yau zai iya haura 30 nan da wata uku, sai ka kira likitan da sabon nauyin ya gyara maka awon.